Kullutun da ke Damtsen Baba

A lokacin da abin nan ya faru ina aikin fassara da karanta labarai a wani gidan rediyo, iyalina kuma suna Jega. Aikin ya koya mini kada in karanta labari sai an ji daga ɓangarori biyu, kuma ina alfahari da hakan. Na rubuto ne in faɗi yadda na yanke wa wata baiwar Allah hukunci ban ji ta bakinta ba, har na kusa rasa mahaifina.

Baba manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Maiyama. Ciwon suga ya kama shi, ƙwayoyi suka kasa, likita ya mai da shi kan allurar insulin safe da yamma. Mahaifiyarmu ta rasu, ƙanena da ke gidan kuma rabin shekara yana hanyar kudu da lodin albasa. Sai allurar ta faɗa hannun matar ƙanen nawa, 'yar Aliero, wadda ta ɗan yi makarantar koyon aikin lafiya kafin aure. Ita ke ajiye maganin a gindin randa saboda sanyi, ita ke dafa abincinsa. Fiye da shekara komai lafiya. Daga nan suga ya fara hawa. Duk ƙarshen mako in na zo na gwada shi da 'yar na'urata, sai in tarar ya yi sama. Likita ya ƙara yawan maganin har sau biyu, ya kuma tambaye ni ko an tabbata ana yin allurar, ko dattijon yana shan zaƙi a ɓoye.

Wannan tambaya ita ta zauna mini a rai. Na tambayi Baba, ya yi dariya ya ce in dai ba miyar kuka ce ta koma zuma ba, bai san ta inda zaƙi ke shiga cikinsa ba. Ita kuwa ban tambaye ta ba. Ni wan mijinta ne, tsakaninmu sai gaisuwa daga nesa, tana durƙushe kanta a ƙasa. Maimakon magana sai na koma bincike. Na riƙa zuwa ba sanarwa. Na ɗanɗana kununsa. Na ja ɗan layi da biro a jikin kwalbar maganin, bayan mako na dawo na ga ya ragu daidai yadda ya kamata. Wannan ya isa ya wanke ta, amma sai na ce wa raina zubarwa take yi a ƙasa. Na sa gwaggonmu ta sa ido. Gwaggo ta ce ita dai tana ganin yarinya na shiga da allura tana fitowa, amma abin da ke cikin allurar, ruwa ne ko magani, Allah kaɗai ya sani, kuma matar da aka bar wa tsoho da jinya mijinta yana yawon duniya ai gajiya ba ta yi mata wuya.

Wata ranar Juma'a Baba yana sauya riga na ga wani kullutu a damtsensa na hagu, kamar rabin albasa a ƙarƙashin fata. Na taɓa, ba zafi, ba ciwo, yana da ɗan tauri kamar roba. Gwaggo ta riƙe baki ta ce wannan ba na asibiti ba ne. Ni da nake karanta shirin lafiya a rediyo ban ce mata a'a ba. Na kira ƙanena a waya na jera masa abin da na kira hujjoji, ɗaya bayan ɗaya, da muryar da nake karanta labarai. Ya dawo ya yi wa matarsa magana mai zafi. Ta ce abu ɗaya kawai, cewa a tambayi Baba. Ba wanda ya tambaye shi, don na ce kada a tayar masa da hankali. Ta tafi gidansu da cikin wata biyar.

Na ɗauki hutu na karɓi allurar da kaina. Da yake ni ɗansa ne, sai na riƙa yi masa a fatar ciki da cinya kamar yadda takardar maganin ta nuna, da yawan da likita ya ƙara. Kwana biyu suga ya sauka. Na nuna wa ƙanena na'urar na ce ga shaida. A rana ta uku bayan la'asar Baba yana zaune a zaure sai gumi ya karyo masa, hannunsa na rawa, yana kirana da sunan wansa da ya daɗe da rasuwa. Kafin mu samu mota ya daina amsawa. A asibiti aka ce sugansa ne ya faɗi ƙasa warwas, aka ɗaura masa ruwa, Allah ya sa da sauran kwana.

Washegari wata ma'aikaciyar jinya ta shafa damtsen, ta tambayi wanda ke yin allura a nan da kuma tsawon lokacin. Ta bayyana mana cewa a ƙarƙashin fata akwai shimfiɗar kitse, a cikinta ake zuba insulin. In aka dinga soka wuri ɗaya, kitsen wurin yakan taru ya yi kauri, maganin ya riƙa maƙalewa ba ya shiga jini yadda ya kamata. Shi ya sa suga ya hau, shi ya sa aka ƙara magani. Da na koma lafiyayyar fata da wannan ƙarin, sai ya shiga gaba ɗaya ya kayar da shi. Ta ce da an nuna wa likita kullutun tun farko, da ya rage maganin kafin a sauya wuri.

Sai Baba ya yi magana. Ya ce shi ba zai buɗe cikinsa ko cinyarsa a gaban matar ɗansa ba, ko da za a mutu. Hannun riga kawai yake naɗewa, ya juya fuska bango, ita ma ta soka tana kau da kai. Ya ce yarinyar ta roƙe shi ya fi sau uku ya riƙa ba ta ɗaya hannun, ko a samo namiji ya yi masa a ciki, shi ya ƙi, don wurin ya mutu ba ya jin zafin allura. Ya kuma hana ta gaya wa kowa. Sannan ya tambayi inda take, domin an ce masa ganin gida ta je.

Ni na je Aliero biko. Mahaifinta ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, amma 'yarsa ta ce an zarge ta da neman ran mutum, wannan kuwa ba a wanke shi da zuwa ɗaya. Sai bayan ta haihu ta yi arba'in ta dawo. Tana gaishe ni kamar da, amma ta ce ba za ta ƙara taɓa allurar kowa a gidan ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ga masu jinyar mai ciwon suga: ku riƙa sauya wurin allura, ku riƙa shafa fatar, in kun ji kullutu ku nuna wa likita kafin ku canza komai. In kunya ta hana a buɗe jiki, a nemo wanda ba a jin kunyarsa. Wanda kuma zargi ya shiga ransa, ya tambayi mutumin tun da wuri, ko ta bakin wani ne. Na yi wata huɗu ina bincike, abin da tambaya ɗaya za ta warware, kuma duk abin da na gani a wata huɗun nan sai da na lanƙwasa shi ya zama laifinta.