Tagar da Na Huda wa Ƙanena

Ni magini ne. Tun da na baro Damagaram na zo Tamanrasset hannuna cikin yashi da siminti yake. In ana zancen gini, ina ganin na san inda aka dosa. Sai da ƙanena ya karye na fara shakka.

Daga saman shantiye, ginin da ake kan yi, ya faɗo. Ƙafa ta ɗoru, ta warke, amma mutum ya ƙi fita. Magidanci da gemunsa, ya zauna a ɗakinmu na unguwar Gataa El Oued kamar an dasa shi. Ɗakin ba taga, ni na toshe ta da bulo lokacin da jandarma suka matsa da kamen baƙi. Cikin duhun nan yake wuni da waya, yana wani wasa na gini. Tsorona kada ya ƙare a haka.

Wata rana na ce ya nuna mini. Gida ne ya tayar a kan dutse, bango gilashi, rufi gilashi.

"Ina ka samu gilashi haka?"

"Yashi na ƙona, Yaya."

"Yashin da nake kwaɓawa?"

"Shi fa."

Ni dai duk yashin da na ɗiba a duniya, ban ga ya zama komai ba sai ciwon baya.

Na ce, "Wa zai kwana inda kowa ke kallonsa?" Ya ce dodannin wasan ba sa gani ta gilashi, shi ne ke ganinsu. Ya miƙo wayar wai in gwada. Na danna da wannan babban yatsan nawa, bango ɗaya ya tarwatse. Ashe dutse in ka fasa yana dawowa hannunka, gilashi kuwa ya tafi ke nan. Bai yi faɗa ba. Ya karɓa, ya kama tafiya neman yashi a cikin wayar, tafiya mai nisa. Mutumin da ba ya tsallake bakin ƙofa.

Ban gane ba, har yau. Amma na roƙi ragowar gilashi a wani gida da muke gamawa, na cire bulo biyu a bangonmu, na kafa shi. Haske ya shigo har kan tabarmarsa.

Washegari na tarar ya rufe da kwali.

"Ba gilashi kake so ba?"

"Wannan ana gani ta cikinsa, Yaya."

Na gaji, na ƙyale shi. Daga baya na lura ya huda kwalin daidai ido.

Bayan wasu kwanaki na dawo aiki, ba ya ɗaki. Na fito nemansa. Can na hango shi a tsallaken hanya da sandarsa, yana ce wa wani magini layin bulonsa ya karkace, wai tun safe yake kallonsa ta hujin. Wayar tana kan tabarma. Kwalin kuwa har yanzu bai yarda an cire ba.