Larabar Gidanmu

Shekaranjiya na tsaya sayen tafarnuwa a bakin kasuwa, sai wani dattijo mai gyaran takalmi ya murɗa 'yar rediyonsa. Wannan shuuu ɗin da ake ji tsakanin tasha da tasha ya daki kunnena, nan take na tsaya cak, har mai tafarnuwa ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Ta ina zan fara yi mata bayani, ga masu saye na jiranta? Kai dai da ka zauna karatu, bari in gaya maka.

Ƙauyenmu yana ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo, inda gulbi ke gangarawa ya nufi Wurno. Kafin a yi madatsar, in ji manya, sama ake dubawa. In hadari ya haɗu a gabas, kowa ya san gulbi zai kawo. Da aka datse shi sai lissafi ya rikice. Ruwan da aka yi can nesa ya taru a bayan bango, in ya yi yawa a buɗe ƙofofi, ya iso mana da rana tsaka, sama tas ko gajimare babu. Masu kula da madatsar ba sa buɗewa sai sun bayar da sanarwa a rediyon jiha, bayan labaran rana. Kakana, mahaifin Baba, yakan ce shekara sittin yana karanta sama, ga shi da furfurarsa an mai da shi ɗalibin akwatin rediyo.

Batir kuwa tsada gare shi a lokacin, har shanya shi muke yi a rana ko ya ƙara kwana. Shi ya sa unguwarmu ta yi tsari duk ƙarshen damina: gida bakwai, kwana bakwai, kowane gida da ranar sauraronsa. In ranarku ce, rediyonku ba ya barin tashar jiha daga hantsi har la'asar, kuma dole a sami mutum zaune a gabansa. Da an yi sanarwa sai a ruga a gaya wa ladan, shi kuma ya faɗa a lasifikar masallaci, wadda muryarta ke kaiwa har fadama. Tamu ranar Laraba ce.

Kaka shi ne mai sauraron gidanmu. A zaure yake zama kan buzunsa, rediyo a gefen gwiwa, yana murza igiyar rama. Ya karce gilashin rediyon da bakin wuƙa, daidai inda allura take tsayawa a tashar jiha. In na matso kusa sai ya harare ni da wasa irin na kaka da jika.

“Amarya, ki ja gemuna in kina so, amma kak ki taɓa min wagga allura.”

Wata Laraba, ina da shekara goma sha ɗaya, aka aiko masa da rasuwar abokinsa a Rabah, ya kama hanya tun da sassafe. Baba ya haye gulbi da shanun nomansa biyu da amalanke, zai kwaso shinkafar da ya yanke a hayi. Ruwan mashigi ranar iyakarsa gwiwa. Inna tana cikin gida tana surfe. Sai aka zaunar da ni a kan buzun Kaka, aka ce kada in motsa.

To, akwai abin da ke cina a rai. Yayana yana makarantar kwana a Sakkwato, kuma da ya zo hutu ya raɗa mini cewa ya aika kati a filin gaishe-gaishe na wata tasha, da sunana a ciki. Filin ranar Laraba ake yin sa, daidai lokacin labaran rana. Laraba uku ina haɗiyar yawu a gefen Kaka. A duk ƙauyenmu ba a taɓa kiran sunan kowa a rediyo ba, ko na maigari.

Na duba ƙofa, na duba tsakar gida, na murɗa.

Kuma wallahi na ji. Bayan kati huɗu ko biyar sai ga sunana, da na Baba, da na ƙauyenmu, daga cikin akwatin da gwamna ke magana a cikinsa. Aka sa waƙa aka ce tawa ce. Na zauna na saurare ta har ƙarshe, ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Da na mayar da allura na tarar an gama labarai, ana wani shirin noma. Na ce a raina ai ba kullum ake buɗe ruwa ba.

Bayan azahar sai ga malamar asibitinmu a kan babur, ta dawo daga Goronyo. Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta daɗe a cikinmu, ita ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwa. Ta ja birki a ƙofar zaure, ko injin ba ta kashe ba.

“Yarinya, ba yau ce ranarku ba? Me ya sa ban ji lasifika ba? An buɗe ƙofa tun ɗazu!”

Ba ta jira amsata ba, ta fizge ni ta ɗora a bayanta, sai gidan ladan. Har yau ina jin muryarsa a lasifika, yana cewa duk wanda ke hayi ya bar komai ya fito.

Da muka isa bakin gulbi ruwan ya riga ya sauya launi. Ya yi ja, yana tafe da kumfa da karan dawa, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa da ake ji a tafin ƙafa. Waɗanda gonakinsu ke kusa sun haye, suna matse riguna. Gonar Baba ita ce ta ƙarshe. Muna tsaye muka hango shi ya koro shanu cikin mashigi, amalanke cike da dammunan shinkafa. Mutane suna ta ɗaga masa hannu ya koma, shi kuwa ya zaci cewa suke ya yi sauri. Ruwa ya kai masa ƙugu. Kafin ya kai tsakiya ya kai masa ƙirji. Sai amalanken ya karkace, na ga Baba ya zaro lauje yana saran igiya, sa ɗaya ya kuɓuce, ɗayan ya tafi tare da kaya. Daga nan ban ƙara ganin kan Baba ba.

Baba bai iya ruwa ba, kuma na san haka. Inna ta zube a ƙasa tana salati. Ni ban yi kuka ba, tsoro ya hana ni. Abu ɗaya kawai ke yawo a kaina: na kashe ubana saboda waƙa.

Masunta biyu ne suka tura jirginsu suka bi ruwan. Can ƙasa suka same shi rungume da reshen giyayya, ya sha ruwa ya gaji. Malamar asibiti ta kifa shi tana danna bayansa har ya amayar, ya buɗe ido.

Kaka ya dawo kafin magariba, ya ji labari tun daga bakin gari. Ya shiga zaure ya ɗauki rediyonsa, ya daɗe yana duban gilashin. Ashe a cikin sauri ban mayar da allurar daidai kan karcen ba, ta ɗan gota.

“Mi kinka ji yau?” in ji shi, bai ko dube ni ba.

“Ban ji komi ba, Kaka. Batir na yam mutu.”

Ya kunna. Muryar mai labarai ta cika zauren tangaran. Ya kashe, ya ajiye. Da dattawan unguwa suka taru ya ce musu laifinsa ne, shi ya bar ranarsa ya tafi jana'iza. Aka karɓe Laraba daga gidanmu aka ba wani gida, abin kunyar da ya ɗauka har ya koma ga Allah bai tona ni ba. Amma daga ranar bai sake ce mini amarya ba. Da Yaya ya zo hutu ya tambaye ni zancen kati, na ce ban ji an karanta ba.

Yayan nan nawa yanzu a wani gidan rediyo yake aiki a Sakkwato, har ya fara furfura. Da sallar da ta wuce muka haɗu a gida, yana ta ba mu labarin muhawarar da suke yi a wurin aiki. Wai manyansu sun ce zamanin da tasha ɗaya za ta yi wa kowa magana ya wuce, yanzu waya ce za ta koyi abin da mutum ke so ta riƙa kawo masa shi kaɗai. Wasu tsofaffin ma'aikata kuma sun ce muddin akwai manomi a gona rediyo ba zai mutu ba. Shi yana tare da na farko, har da buga cinya.

“Kowa shi ji abin da ransa ka so. Mi ah hi wannan daɗi?”

Na ce to abin da ran mutum ba ya so fa, amma dole ya ji, wa zai zauna ya saurara wa mutane? Ya yi dariya, ya ce za a tura wa kowa saƙo. Nan na gaya masa abin da na ɓoye shekara talatin da wani abu, tun daga murɗa allura har reshen giyayya.

“Ashe an karanta katin,” in ji shi a hankali.

Na tashi in ɗan sha iska. Ƙarshen damina ne, ina iya jiyo gulbi daga tsakar gida. Na leƙa zaure na tarar da jikokin Baba biyar a zaune, kowa da wayarsa, kowa ya toshe kunnuwansa. Na kira su sau biyu, babu wanda ya ɗago.