Ranar Da Na Daina Zama Kunnen Kawuna

Assalamu alaikum Edita. Ka sakaya sunana, ba don ina jin kunyar labarin ba, sai don mahaifiyata na karanta mujallarku. Lokacin da abin ya faru shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a ofishin kawuna, ƙanen mahaifiyata, a Port Saeed cikin Dubai. Injinan ban-ruwa yake saye yana lodawa a kwantena zuwa Kano, ni kuma nake riƙe masa takardun kaya. Bizar zamana a ƙasar da sunan kamfaninsa take, kuma duk wanda ya zauna a Dubai ya san ranar da mai kamfani ya soke bizarka, kwanakinka a garin ƙidayayyu ne. Kawu bai taɓa bari na manta da wannan ba. Ko makara na yi da minti goma sai ya tuna mini wanda ya kawo ni.

Kafin nan na samu gurbin karatu na shekara guda a ƙasar Hangari, inda ake koyar da yarensu, da tarihinsu, da al'adunsu, da yadda suke kasuwanci. Da ƙyar Kawu ya bar ni na tafi. A ofis kuwa an sha dariya. Wani ya ce mutane na can suna koyon Sinanci da Turkanci, ni na tafi ɗebo yaren da ko tsinken sakace ba a saye da shi. Suka laƙa mini 'Yar Hangari, sunan da har yau bai sake ni ba.

A can Hangari wata tsohuwa ce da mijinta ya rasu ta ba ni ɗaki a gidanta. Yaren nan ba a aji na iya shi ba, a kicin ɗinta na iya shi, muna yanka albasa tana gyara mini baki. Sabuwar tukunya ta sayo ta ɗaura mata jan zare a hannu, don kada naman alade ya taɓa abincina. A makaranta an koya mana tarihin zamanin da gwamnatinsu ke dasa masu kai rahoto a cikin jama'a, na haddace, na ci jarrabawa. Amma tsohuwar nan ce ta nuna mini wata kujera a gefen teburin cin abincinta. Ta ce shekara shida wani maƙwabcinsu yana zama a kanta duk ranar Lahadi, ya sha miyarta, ya yi shiru yana murmushi, ashe duk abin da mijinta ya faɗa kai wa hukuma yake yi. Aka kori mijin daga aikin koyarwa, ya ƙare rayuwarsa yana leburanci. Ta ce jami'an hukumar ba su ƙona mata rai kamar shirun mutumin nan ba. Ranar har Allah-ya-isa na taya ta, da ƙwallata.

Na dawo Dubai, Kawu ya sabunta mini biza, na koma kan takarduna. Wata takwas babu wanda ya tambaye ni ko kalma ɗaya ta abin da na koyo. Sai aka yi wani baje-koli, Kawu ya haɗu da wani dattijo ɗan Hangari da ɗansa, masu ƙaramar masana'antar famfon ruwa mai aiki da hasken rana. Suka yi alkawarin zuwa ofis. Ranar Kawu ya kira ni yana fara'ar da ban saba gani ba. Ya ce in zauna a gefe da kwamfuta kamar sakatariya, in kawo shayi da dabino, kada ko idona ya nuna ina jin abin da suke faɗa, in sun tafi in zayyane masa komai. Ya ce haka kasuwa take, kowa da abin da yake riƙe da shi a aljihu. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba tilasta ni ya yi ba. Daɗi na ji, kaina ya fasu, na ce yau masu dariya za su gani.

Da Turanci aka yi ciniki, ɗan ne ke magana, uban kuma jefi-jefi ya juya ya yi masa bayani da yarensu. Komai na ji. Na ji dattijon ya ce babban mai sayen kayansu ya janye, idan ba su samu wannan cinikin ba kafin lokacin sanyi sai ya sallami rabin ma'aikatansa, mutanen da ya san 'ya'yansu da suna. Na ji ya faɗa wa ɗan farashin ƙarshe da za su iya sauka. Na zuba masa shayi, ya gode, na yi murmushi. Suna fita na kwashe duka na faɗa wa Kawu, ban rage ko ɗaya ba. Ya sa aka sayo wa ofis shinkafa da naman rago, ana ta cewa yau 'Yar Hangari ta yi rana. Na ci na ƙoshi.

Washegari da hantsi aka haɗu a sitonsa na Ras Al Khor don su ga inda za a sauke kaya. Zafi ake yi sosai, kujeru uku ne kawai, ni ina tsaye da gorar ruwa. Kawu ya taya ƙasa da farashin da na faɗa masa, ya kishingiɗa, ya ce khalas, wato magana ta ƙare, in sun yarda bismillah, in ba su yarda ba ga hanya nan.  A cikin wannan halin dattijon ya ɗago ya dube ni, ya ce wa ɗansa da yarensu yarinyar nan tun safe take tsaye ba wanda ya kula, ga ta shiru-shiru mai ladabi, ya tashi ya ba ta kujerarsa. Ɗan ya tashi ya turo mini kujerar har gabana.

Edita, kujerar roba ce fara, amma ni ta gidan tsohuwar nan na gani.  Ban zauna ba. Na buɗe baki da yarensu na yi masa godiya, na ce ina jin duk abin da yake faɗa, shekara guda na yi a ƙasarsu, kuma maganarsa ta jiya gaba ɗaya na kai wa kawuna, har da farashin. Na ce ya yafe mini. Dattijon ya cire tabarau. Ya tambaye ni wa ya koya mini, na ce wata tsohuwa ce a kicin ɗinta. Ya tambaya ko ta san abin da nake yi da shi.  Ya tattara takardunsa, ya ba Kawu hannu, ya fita bai sake kallona ba. Cinikin da ba a yi ba ke nan.

Muka shiga mota ni da Kawu. Ya ce na zaɓi Turawa na bar jinina, na kunyata shi a gaban baƙi. Na ce masa ban zaɓi kowa ba, da tafinta ya nema da na zauna a kan tebur ido da ido na tsaya masa a cinikin fiye da kowa. Bayan kwana biyu aka kawo mini takardar soke biza in sa hannu. Mahaifiyata ta kira daga Kano tana kuka, ta ce in je in durƙusa. Na je, na durƙusa, na ba shi haƙuri kan ɓacin ran da na jawo masa. Ya ce zai yaga takardar in na furta cewa na yi kuskure. Na ce Kawu na yi kuskure, amma a rana ta farko na yi shi, ba ta biyu ba. Ya turo mini biro, na sa hannu.

Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Na taka ƙafa ofis-ofis, sai da ya rage kwana huɗu in bar ƙasar na samu aiki a wani ƙaramin ofishin tafiye-tafiye a Deira, albashi rabin na da, ɗaki ɗaya mu huɗu. Dangi har yanzu butulu suke kirana. Duk Sallah ina kiran Kawu in gaishe shi, ba ya ɗauka, kuma ba zan daina ba. Sai bayan wata uku na iya kiran tsohuwar nan na faɗa mata komai.  Ta ce maƙwabcinsu har ya mutu bai buɗe baki ya amsa laifinsa ba, ta kuma tambaye ni ko ina cin abinci sosai.

Ga masu tafiya karatu waje, ku ji ni. Yaren da za ku koyo ba daga littafi kaɗai zai fito ba, mutane ne za su ba ku shi a kan teburinsu, kuma amana ce. In ɗan'uwa ya ce ku zauna a gefe ku yi shiru ku saurara masa, ku ƙi tun a lokacin, kada ku jira sai kun ci shinkafar kamar yadda na ci. Masu cewa in tuba kuwa, na tuba tuntuni, sai dai ba kan abin da suke so ba. Da za a mayar da ni siton nan yau, bizata a hannu ɗaya, kujerar nan a gabana, wallahi ba zan zauna ba.