Mwakio Mai Karanta Datti

Shekara ashirin da biyu Fundi Mwakio ya yi yana gyaran esi, wato na'urar sanyaya mota, a gindin wani mangwaro a Mombasa, kuma bai taɓa ɗaukar sifana ba sai ya fara karanta datti. Yakan buɗe bonet, ya dangwali maiƙon da ya taru a jikin kwampresa, ya murza, ya sansana. In baƙi ne mai ƙauri, man inji ne ya ɗigo daga sama. In mai haske ne da santsi, to gas ke zurarewa, kuma inda ƙura ta fi mannewa nan ɓarakar take. Da wannan ya yi suna, ya aurar da 'ya'ya uku.

Wata Litinin Mzee Kombo, wani dattijo direban tasi, ya kawo motarsa. Esi ya daina sanyi, ga shi ranar Asabar zai ɗauko surukan 'yarsa daga Malindi da tsakar rana.

Mwakio ya buɗe bonet, ya tarar inji na ƙyalli kamar sabon kwano.

"Mzee, wa ya wanke wannan?"

"Ni mana. Sai in kawo maka mota da datti kamar marar tarbiyya?"

"Ai ka wanke mini shaida. Zan ƙara gas kaɗan, ka je ka yi aiki, ka dawo jibi. Kada ruwa ya taɓa injin nan."

Laraba ya dawo, inji fes. Kombo ya rantse bai sa ruwa ba, tsumma kawai ya ɗan bi da shi.

Saura kwana uku. Mwakio bai taɓa canja wa mutum kwampresa a kan zato ba, ba kuwa zai fara a kan tsohon nan ba. Ya rufe bonet, ya ɗaure da sarƙa, ya danna kwaɗo, ya jefa makulli aljihu.

"Ka bi hanyar ƙasa, Mzee. Duk wadda ta fi ƙura."

Juma'a Kombo ya dawo a murtuke, mota butu-butu. Da aka buɗe, ga ƙura ta yi zobe a bakin tiyon da ya shiga kwampresa. 'Yar roba ce ta tsage, ba ta kai girman zoben hannu ba. Kafin azahar mota ta ɗauki sanyi.

"Yanzu in wanke?" in ji Kombo, tsumma tuni a hannu.

"Wanke abinka, Mzee. Amma in ka sake jin zafi, fara zuwa karɓar kwaɗo kafin ka ɗauki tsumma."