Jar Motar Kassimu

Duk wanda ya san tashar garin Isa ya san Kassimu bakanike, ya kuma san jar motarsa mai kujera biyu. A Maraɗi ya tsinto ta, a bayan wani tsohon gida, kaji na ƙwai a cikinta. Ta girme shi nesa ba kusa ba. Da hannunsa ya tashe ta, kuma in ya taka ta a kan kwalta, kafin ka amsa sallamarsa ya ɓace.

Yana da wata motar kuma, doguwa, ƙirar baya-bayan nan, mai ɗaukar iyali da buhun gero har da akuya. Jaka yake ce mata: ba kyau, ba gudu, sai haƙuri. Da hanya ta lalace aiki ya ja baya, ya zama dole a rabu da ɗaya. Matarsa Naja'atu ta roƙe shi har da hawaye ya bar musu jakar. Ya ce irinta na ko'ina, ja kuwa babu ta biyu a ƙasar Gobir. Namiji in ya so abu sai addu'a. Jakar ya sayar.

Wata rana da hantsi yana wurin aiki aka kira shi: 'yan bindiga sun ƙone ƙauyen maƙwabta, sun nufo nasu can wajen Tozai, inda iyalinsa suke. A gudu kam jar ba ta ba shi kunya ba. Ya tarar masu ƙafa sun watse. Saura Naja'atu da tsohon ciki, yaransu uku, sai mahaifiyarsa Inna Habi da ƙafa ta daina ɗaukarta.

Kassimu ɗan fari ne. Don kunya, tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan yaron".

Ya zaunar da Naja'atu, ya cusa yara a cinyarta da ƙarƙashin ƙafafunta. Ya buɗe but ɗin motar, ko ƙwarya ba za ta zauna ba. Ya zagaya motar ya sake zagayawa, hankalinsa a tashe, kamar wata kujera za ta tsiro. Ga rurin babura ya fara tasowa daga gabas. Ya durƙusa gaban tsohuwa yana rantsuwa motar na da gudu, yanzun nan zai komo.

"Kassimu," in ji ta.

Bai taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Tai da ɗiyan ga. Kak ka komo."

Ya ja mota yana kuka. Ranar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, shi kuwa ba abin da yake gani sai kujerar bayan jakarsa, inda Inna kan miƙe ƙafa.