Baba Bawah Mai Ɗaga Tukunyar Salansa ga Rana

Kullum bayan asuba, Baba Bawah yakan tsaya a teburin mahaifiyata, ya sha koko a tsaye, ya ce sukari ya yi yawa, ya shanye tas, sannan ya tsallaka ya buɗe rumfarsa. Rumfar kwano ce a bakin tashar tasi ta zangonmu a Kumasi, babu ko allon suna. Akwai ramin shiga ƙarƙashin mota, da tukunyar gas ta walda, da tsofaffin salansa jingine da bango. Tun kafin a haife ni yake nan.

Ban taɓa rubuta abin da mutane za su karanta ba. Amma Baba zai ajiye aiki bayan Sallah, idonsa ya gaji da wutar walda, kuma ba zan bari ya tafi shiru ba.

A jikin salansa akwai wata tukunya da fitoci, wato makanikai, ke kira katalis. Cikinta kamar saƙar zuma yake, ita ke rage dafin hayaƙi kafin ya fito. Akwai masu zagawa suna sayen wannan cikin, shi ya sa wani fita zai ce wa direba motarsa za ta fi gudu in an cire, ya fasa tukunyar, ya kwashe, ya liƙe masa fanko. Masu sayen sun zo wa Baba ma. Maƙwabcinsa mai faci ya ji amsar da ya ba su: "Walda na koya, ba fawa ba. Ba na cire wa mota hanji."

Shekarun baya mahaifiyata, Maa Mamuna, ta kamu da tarin da ya ƙi tafiya. Teburinta yana daidai inda tasi ke juyo baya suna ɗumama inji da safe. A asibiti aka ce ta bar wurin ko ƙirjinta ya ƙare. To ta koma ina? Da teburin nan muke ci, da shi nake makaranta. Ta ce za ta zauna, abin da Allah ya yi shi ke nan. Ni kuwa sai in ɓuya bayan littafi ina jin tarinta.

Baba bai ce shi ke nan ba. Ya shiga ƙarƙashin motocin tashar ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sifana, ya tarar yawancin tukwanen fanko ne. Ya riƙa hawan motar haya ta trotro zuwa Magazin, unguwar makanikai, yana tono tukwanen motocin da suka yi haɗari. Ya yanka, ya wanke, ya busa da iska, ya shanya. Kuma yana da wata al'ada: ba ya liƙe tukunya sai ya ɗaga ta sama ga rana, mai motar ya leƙa da idonsa. In haske ya ratso ƙananan ramukan, tana da rai. In duhu ne, ta toshe. In rami ɗaya ne gaba ɗaya, an yi maka sata.

Direbobi suka yi ta ja. Wanda ya fi kowa taurin kai Brimah ne.

"Masta, motata lafiyarta lau. Tun da aka cire abin nan take tashi kamar jirgi."

"Jirgi? Jiya a hawan Manhyia fasinja ne suka tura jirgin."

Tasha ta ɗauki dariya. Brimah ya ce ko ma mene ne, ba mai taɓa masa salansa. Baba bai yi musu ba. Ya ce, "Mamuna, tashi." Ya zaunar da Brimah a bencinta, ya shiga motar Brimah, ya kunna, ya taka totur. Ba a jima ba Brimah ya miƙe yana tari, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Zauna mana, ɗana," in ji Baba ta taga. "Ita har azahar take kaiwa. Kuma ita ke dama maka koko."

Ranar Brimah da kansa ya tura motar kan rami. Daga baya shi ya sa aka juya layin tasi, bayansu ya daina kallon masu abinci.

Ba zan ce tarin Maa ya tafi gaba ɗaya ba, tana shan magani har yau. Amma tana kan teburinta, tana ƙwala wa masu sayen ƙosai kira da muryarta.

Baba Bawah, kai ne ka kwanta a ƙasa cikin baƙin mai don wata ta yi numfashi. Kai ne maƙerin da bai sayar da amana ba. Ba ka taɓa ce wa Maa "na yi miki" ba, sai dai ka ce sukari ya yi yawa.

Makon jiya na same ka ka ɗaga wata tukunya, kana ƙifta ido, kana juya ta. Ka daɗe. Sai ka miƙo mini.

"Rakiatu, idon nan ya ƙi. Me kika gani?"

"Haske, Baba."

"Ko'ina?"

"Ko'ina."

"To, a liƙe."

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya sanyaya idon nan. Ku kuma fitocin Kumasi, daga zangonmu har Magazin, rumfar za ta rufe amma rana tana nan. Kada ku liƙe tukunyar kowa sai kun ɗaga ta sama. Direba, kai ma kada ka tafi sai ka leƙa. Akwai wata zaune a bayan motarka tana dama koko.