Gyaren da ke Bayan Muryar Baba

Yayana Malami gyaran rediyo ya koya, amma abin da ya ciyar da shi shekara talatin a Tambuwal kunnensa ne. Ni ne ƙanensa Sirajo, ɗan kabu-kabu, kuma ni nake ɗaukarsa a babur duk inda aka kira shi, saboda haka ba a bakin wani na ji wannan labari ba.

Duk mai hali da zai sa kayan sauti a falonsa, irin manyan sifikun nan da ake kawowa daga Kano ko Legas, ba ya sakin kuɗinsa sai Malami ya saurara. Shi kuwa bai damu da sunan kamfani ba, balle ƙyallin kwali. Ƙara ma haushi take ba shi. Cewa yake ko garwa aka buga ai za ta yi ƙara.

Abin gwajinsa guda ne. Yana saurayi ya sayi rakoda, ya je gidanmu a Fakku wata damina, ya ɗauki muryar Babanmu yana zaune a ƙofar gida da magariba yana yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya. Can bayan muryar, daga gefen hagu, akwai wani gyare yana kuka siriri. Baba ya rasu, kaset ya koma memori, gyaren yana nan. Sifikar banza haɗiye shi take yi, mai dama-dama ta mayar da shi kamar ana suya. Ta ƙwarai kuwa sai ta ajiye shi daidai inda yake a ranar, a gindin danga. Malami zai rufe ido ya saurara, sannan ya ce "da gyare" ko "babu gyare". Na sha ganin ɗan kasuwa mai ƙaton tumbi yana zufa kafin kalmar ta fito, kuma ba na ɓoyewa, daɗi nake ji.

Bara ne abin ya fara ba ni tsoro. Cikin wata biyu ya kayar da kaya da "babu gyare" har sau biyu, duka na wani bawan Allah mai suna Ziyad, wanda ya rantse har da hawaye cewa kayansa na asali ne. Mutane suka daina shiga shagonsa. Ni ina bakin ƙofa a karo na biyu, kuma na ji kamar na ji gyaren. Wa zai gyara wa Malami ji?

Sai wata rana da yamma muna dawowa daga Sanyinna bayan ruwa ya ɗauke, gyare ya cika daji da kuka har yana rufe ƙarar babur. Malami ya dafa kafaɗata.

"Sirajo, bana gyare ya yi ƙaranci. Maganin feshin ga na manoma ya kashe su."

Saura kaɗan in saki kan babur. Na tuna shekarun da ya yi yana cusa kansa cikin lasifikar wa'azi da ta biki yana neman inda take karkarwa. Na ce masa, "Haka na, Yaya." Wallahi tsoro ne ya sa na yi masa ƙarya, kuma har yau ina jin kunyar wannan amsa.

Bayan sati uku Alhaji Abdulwahabu, wani dillalin hatsi a Kebbe, ya aiko. An kawo masa kaya na kuɗin shanu huɗu, mai kayan yana jira, in Malami ya ce babu, a mayar. Na so in ce babur ya lalace. Tun daga Tambuwal har Kebbe, duk ramin da muka faɗa addu'a nake yi Allah ya sa taya ta fashe, amma ranar ko iska ba ta rage ba.

Falon ya sha kafet. Sifiku biyu na katako suna tsaye, kowacce ta kai ƙirjina. Malami ya sa aka kashe fanka, ya ja sifikun nesa da bango, ya auna tsakaninsu da taku, ya zauna a tsakiya kamar yadda ya saba. Aka kunna memorin.

Ban taɓa jin Baba haka ba tun da muka binne shi. Har numfashin da yake ja kafin ya ambaci sunana na ji. Gyaren kuwa ga shi nan tas a gefen hagu, kamar in miƙa hannu in kama shi. Na dubi Malami. Idonsa a rufe, ya karkata kai, ya sake karkatawa, goshinsa ya tattare. Na san wannan fuska. Leɓensa ya fara haɗa "babu".

Sai labule ya ɗaga. Hajiya Zulfa, matar gidan, ta shigo da tsintsiya a hannu, ta yi sallama a gurguje ta nufi bayan kujera ta hagu.

"Ku yi haƙuri, Alhaji, gyare na ya shigo ɗakin ga. In ba a fidda shi ba, kafet ɗin zai ci."

Ta duƙa tana leƙen ƙarƙashin kujera. Alhaji ya fashe da dariya, mai kayan ma haka. Malami bai yi dariya ba. Ya bi tsintsiyar da kallo har ta tsaya daidai inda gindin danga yake a kaset ɗin, sannan ya juyo ya dube ni.

"Sirajo, kai ma kana jin shi?"

"Ina ji, Yaya."

"Tun yaushe?"

Na sunkuyar da kai. Baba yana ta addu'a a tsakaninmu. Sai ya juya ya fuskanci Alhaji.

"Alhaji, ka sayi kayan ga. Da gyare. Hajiya ta ji shi, ni ban ji ba."

Alhaji ya miƙa masa tukuici, ya ƙi karɓa. Ya zare memorinsa ya sa a aljihu, muka fito.

A hanya bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce kawai in mun isa Tambuwal in wuce da shi shagon Ziyad, zai tsaya a bakin ƙofa ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji cewa kayan yaron lafiyarsu lau. Da muka zo wata fadama ya ce in tsaya in kashe babur. Ya sauka, ya tsaya a bakin hanya, ya kara tafin hannu a bayan kunne. Daji ya ɗauka da kuka ta ko'ina.

"Suna yi?"

"Suna yi, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya shafa aljihun da memorin yake. Ban taɓa ganin yayana yana tsoro ba sai ranar.

"Gyare ya riga ya tafi, Sirajo. Saura muryar Baba. In ta fara tafiya, don Allah kada ka sake ce mani haka na."